Hali Zanen Dutse Ne, Ko Yana Gyaruwa?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin falsafa a Jami'ar Legas, kundina kan tarbiyyar kai ne. Baba, mai sayar da shanu a Oko-Oba, ya ce ɓata lokaci nake yi, don hali zanen dutse ne. Me zan ce masa? (Ɗalibi daga Agege)

Amsa: Ɗana, kada ka ja da Baba. Maganar da ya jefo maka ita ce ƙashin bayan kundinka, kuma manyan malamai sun daɗe suna kokawa da ita.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya gamu da masu wannan ra'ayi, ya amsa musu a cikin littafinsa Ihya'u. Ya ce da hali ba ya sauyawa, da wa'azi da horo duk aikin banza ne, alhali ga doki mai taurin kai ana hora shi har ya bi linzami. Amma ka lura, bai ce a tumɓuke fushi ko sha'awa ba, cewa ya yi a daidaita su. A nan Baba ke da gaskiyarsa. Mai zafin zuciya zai mutu da zafinsa. Abin da zai iya koya shi ne riƙe harshe lokacin da kwandastan danfo, ƙaramar motar haya ta Legas, ya hana shi canjinsa a Oshodi, yau ya riƙe, gobe ya riƙe, har abin ya bi jikinsa. Aristotal, masanin falsafa na Girka, shi ma haka ya gani: da gini ake zama magini, da yin adalci ake zama adali.

Abin da ke damuna da ɗalibanmu shi ne, sai su tsallake abin da ke gidansu. A 1974 Baturen Ingila mai nazarin Hausa, Kirk-Greene, ya fitar da nazari kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya kawo gaskiya, amana, haƙuri, kunya, mutunci da sauransu. Maƙwabtanka Yarabawa kuma suna da Omoluabi, wato nasu mutumin kirkin, kuma a jami'arku marigayiya Farfesa Sophie Oluwole ta yi shekaru tana kare cewa tunanin Yarabawa falsafa ce cikakkiya. Ka haɗa mutumin kirki da Omoluabi, ka ga inda suka rabu.

Ran Asabar ka bi Baba kara. Ka zauna kan tabarmarsa, ka tambaye shi wane dillali yake bai wa sa bashi ba takarda, da shekarun da ya yi yana lura da shi kafin ya yarda. Ka kuma tambaye shi ko ya taɓa ganin yaron da ya ci amana ya dawo ya shiryu. Ka tafi da biro da littafi.