Tarar Hanya Ta Biyo Ni Wata Jiha?

Tambaya: An rubuta mini takardar tarar gudun wuce kima a jihar Texas ta Amurka, ban biya ba, ban je kotu ba, na koma jihar Ohio da zama. Yanzu na ji wai akwai sammacin kama ni. Mene ne abin yi? Mai karatu daga birnin Columbus na Ohio.

Amsa: Malam, sauya jiha ba ya kashe sammaci. Rashin zuwa kotun ne ya sa alƙali ya fitar da shi, kuma yana nan har sai kotun da ta bayar ta janye.

Da wuya Texas ta aiko a ɗauko ka daga Ohio kan ƙaramin laifin hanya. Amma ranar da ka taka Texas, ko da ziyara ce, ɗan sanda na iya tsayar da kai ya kama ka. Inda abin ya fi cizo shi ne lasisin tuƙi: Texas tana hana sabunta lasisin wanda bai je kotu ba, jihohi kuma suna duba rajistar direbobi ta ƙasa kafin su ba da sabo. In an dakatar da naka a can, Ohio za ta gani.

Ka kira magatakardan kotun da ke jikin takardar, ka ba da lambar tarar, ka tambayi jimillar kuɗin da ko ana biya kashi-kashi. Kada ka yi saurin biya: biya amsa laifi ne, yana iya ɗaga kuɗin inshorarka. Lauyan can zai iya tsaya maka a janye sammacin ba tare da ka je ba. Bayan an gama, ka karɓi shaidar rufe shari'ar a rubuce.