Bincikenmu na ƙarewa a laburare, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina digiri na biyu, abin nan yana damuna wallahi, mutum ya sha wahala ya yi bincike a ɗaure masa bango a jibge a laburare, gwamnati kuma ta fito da tsari ko leƙa shi ba ta yi ba. Wai akwai ma inda ake aiki da bincike a ƙasashe masu tasowa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Akwai mana, sai dai in kin lura duk inda abin ya yi aiki tun farko aka zauna tare da masu mulki, ba sai an gama aka kai musu ba.

Dubi Meziko. A 1997 suka kawo shirin Progresa na bai wa iyaye mata talakawa kuɗi da sharaɗin yara su je makaranta da asibiti, to da yake ba za a iya farawa ko'ina lokaci ɗaya ba sai aka yi ƙuri'a, wasu ƙauyuka suka fara wasu suka jira, cibiyar IFPRI mai binciken manufofin abinci ta duniya ta kwatanta su aka ga yara sun fi zama a makaranta. Da mulki ya canza hannu a 2000 sabuwar gwamnati ba ta soke shi ba, suna kawai ta canza masa daga baya, don hujja na nan a ƙasa.

Haka maganin rigakafin maleriya da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata da damina a yankin Sahel, gwaje-gwajen da aka yi a irin su Senegal da Mali ne suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012.

Gaskiya mu masu bincike ma da namu, da yawa ana zaɓar maudu'i ne don ƙarin girma ko don abin da mai ba da tallafi daga waje yake so, alhali shi darakta a ma'aikatar gwamnati amsa yake nema kafin a rufe kasafin kuɗi, ba shi da lokacin shafi 200. Shi ya sa a Jami'ar Makerere ta Yuganda aka buɗe sashen da jami'an lafiya ke turo tambaya a haɗa musu taƙaitacciyar amsa cikin 'yan makonni. Eh, akwai 'yan siyasar da ko an kai musu ba sa so, amma ba duka ba ne.

Ke dai kafin ki tsayar da maudu'i ki je sashen tsare-tsare da ƙididdiga na ma'aikatar da abin ya shafa ki tambaye su me ya shige musu duhu, in kin gama ki mayar musu da shafi 2 da aka rubuta a sauƙaƙe, har da kiyasin abin da shawarar za ta ci.