Tayar Gaba Daban, Ta Baya Daban: Amsoshin Tambayoyinku Kan Baburan Gudu

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan taya suka faɗa, musamman daga masu manyan baburan gudu, irin waɗanda ake cewa fawa-baik. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ce za ta ɗauke mu lokaci, domin sauran duk rassanta ne.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina hawan Yamaha R6. Tayata ta baya ta sude, ta gaba kuwa da sauranta, a ido za ta kai rabi. Dukansu Bridgestone Battlax S22 ne. Na nemi irinta ban samu ba, sai Pirelli Diablo Rosso IV, lambarsu ɗaya, 180/55 ZR17. Mai sayarwa ya ce taya taya ce muddin lamba ta zo daidai. Abokina kuma ya ce kabarina nake haƙawa da hannuna. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya cika tsoratarwa, amma ya fi mai sayarwar kusa da gaskiya.

Lambar nan, ban da harufan ZR, abu uku kawai take faɗa maka: faɗin tayar milimita 180, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, wilin da za ta zauna a kai inci 17. Ba ta ce komai game da lanƙwasar bayan tayar ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Ka jera tayoyi biyu masu lamba ɗaya na kamfanoni daban, ka tsuguna ka dube su ta gaba. Wata bayanta a zagaye yake kamar na ƙwarya, wata ta ɗan yi tsini kamar kan ƙwai. Mota da sitiyari take shan kwana, babur kuwa kwantawa yake yi, yana mirginawa a kan wannan lanƙwasar daga tsakiya zuwa gefe. Mai tsini tana faɗawa kwana da sauri, mai zagaye tana shiga a hankali. Ta gaba ke fara kwanciya, ta baya ta biyo ta. Kamfani yana zana su tare domin su kwanta a tare. Idan ɗaya na gaggawa ɗaya na jan ƙafa, a hannunka za ka ji: ko ka riƙa danna kan babur ɗin kafin ya tsaya a layin da kake so, ko ya riƙa faɗawa ciki fiye da yadda ka nema.

Ban da siffa akwai taurin jikin tayar, wato saƙar zare da wayar ƙarfe da ke ƙarƙashin robar, sannan akwai irin robar kanta da lokacin da take ɗauka kafin ta yi ɗumi ta fara kama kwalta. Duk wannan kowane kamfani da nasa.

To shin za ta kayar da kai? Waɗannan biyun da ka ambata aji ɗaya ne, dukansu radiyal ne (abin da harafin R na lambar ke nufi, wato zaren saƙarsu kai tsaye yake ratsawa daga gefe zuwa gefe) na gudu a kan titi, kuma mutane da yawa sun yi irin wannan haɗin sun yi ta tafiyarsu lafiya. Ba zan yi maka ƙaryar cewa kana fita za ka faɗi ba. Abin da ke damuna shi ne babu kamfanin da ya taɓa gwada wannan haɗin a kan R6. Bridgestone sun gwada nasu biyun, Pirelli sun gwada nasu biyun. A Jamus har takarda kamfanonin taya ke fitarwa mai nuna wace gaba da wace baya aka gwada a kan wane babur. Kai da ka haɗa, ka zama zakaran gwajin dafi, kuma sakamakon gwajin ba ya fitowa a tafiyar yau da kullum. Sai ranar da kake tsakiyar kwana da gudu ka tarar da rami, ko ka danne birki da ƙarfi a jiƙaƙƙiyar kwalta, ko babur ya fara kaɗa gindi a miƙaƙƙiyar hanya.

Amma a wasiƙarka abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne "a ido za ta kai rabi". Tayar gaba ba a yi mata hukunci da ido. Ka ɗaga gaban babur ɗin, ka shimfiɗa tafin hannunka a gefen tayar, tsakanin tsakiya da baki, ka shafa gaba ka shafa baya. Idan ka ji tudu da kwari kamar matakala, kowane zane gefensa ɗaya ya fi ɗaya tsayi, to birki ya riga ya cinye siffarta ko da zanen da zurfinsa. Na taɓa ɗora sabuwar ta baya a kan irin wannan ta gaban, suna ɗaya, kamfani ɗaya. Mako biyu ina zargin shokazoba, domin duk kwanar da na shiga a hankali kan babur ɗin sai ya riƙa ɗan karkarwa a tafin hannuna, in na sassauta riƙo kuma ya nemi miƙewa. Ranar da na canza ta gaban, tun a kwanar farko hannuna ya huta. Tsohuwar gaba da sabuwar baya haɗi ne su ma, ko da sunan da ke jikinsu ɗaya ne, kuma sau da yawa ya fi haɗin kamfani biyu muni.

Ka duba shekarunta ma. A gefen tayar, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani duk shekara da zarar ta kai biyar, kuma kada ta wuce goma ko da ba a taɓa hawanta ba. A babur irin naka ni ba na bari ta gaba ta yi nisa da biyar. Roba na bushewa, ga zafi da sanyin da ta sha kullum.

Ga yadda zan yi da ni ne. Idan ta gaban ta ci jarrabawar nan, in yi haƙuri a yi mini odar S22 ta baya. Idan ta faɗi, in sayi Rosso IV gaba da baya, magana ta ƙare. Idan kuwa aljihu bai kai biyu ba kuma babur ɗin shi ne ƙafarka, ka sa Pirelli ɗin a baya, domin sudaɗɗiyar taya ta fi kowane haɗi haɗari, ka rage wuta, ka fara tara kuɗin 'yar'uwarta ta gaba. Kowace ka sa, ka lallaɓa ta wajen kilomita 160 na farko, wato mil 100 ɗin da Dunlop ke cewa, kana ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan.

Tambaya: Malam, Kawasaki Ninja 650 gare ni, kullum ina doguwar miƙaƙƙiyar hanya zuwa aiki. Tsakiyar tayar baya na cinyewa ta zama fili, gefe kuwa kamar sabo. Ina tunanin in sa mai laushi ta gudu a gaba, Michelin Power, in sa mai ƙarko a baya, Road 6. Dabara ce ko ganganci?

Amsa: Yallaɓai, in dai za a haɗa aji biyu, to ta wannan fuskar ake haɗawa: mai kamu a gaba, mai ƙarko a baya. Dalili kuwa, in ta baya ta zame kana jin ta, tana ba ka ɗan lokaci, sau da yawa ta dawo ta kama. In ta gaba ta zame a kwana, kafin ka ankara kafaɗarka na ƙasa. Ga shi kuma ita ke ɗauke da mafi yawan aikin birki. A babur ɗin gudu in ka matse sosai ta baya har ɗagawa take nema. Saboda haka akasin abin da ka faɗa, mai laushi a baya da mai tauri a gaba, shi ne ba na yarda da shi ko kaɗan: bayan na ba ka ƙarfin gwiwar murɗa totur, gaban kuma ba zai iya cika alkawarin ba.

Masu son haɗawa kan kafa hujja da 'yan tsere, kuma gaskiya ne, a MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, direba kan zaɓi mai tauri a gaba mai laushi a baya ko akasin haka. Sai dai duk na kamfani ɗaya ne, Michelin ke ba su tun 2016, kamar yadda Pirelli ke ba gasar Superbike ta duniya tun 2004. Siffa da saƙa an yi su don juna, robar kawai ake canzawa, ga injiniyoyi na auna zafin kwalta kafin a zaɓa.

Kai kuma tambayar da zan yi maka: me kake nema a wurin ta gudun? Tayoyi irin su Road 6, ko Angel GT II ta Pirelli, ko T32 ta Bridgestone, an yi su ne daidai don matsalarka. Ta bayansu tsakiyarta roba ce mai tauri, gefenta mai laushi, kuma an zuba musu sinadarin silika da yawa, wanda ke sa su kama tun suna da sanyi da kuma cikin ruwa. Da asuba in ka fito, ko ranar da aka yi ruwa, ta gaban Road za ta iya fin ta gudun kamu, domin ta gudun sai ta yi ɗumi take nuna kanta. Ninja 650 a kan titi ba zai ƙure su ba. Ka sa Road 6 gaba da baya.

Wani abu da nake yawan gani yana ba ni tsoro: matashi ya samo tayar tsere ta hannu, irin Supercorsa SC, ya ɗora a gaba yana murna ya sami kamu. Waɗannan da bargon lantarki ake ɗumama su kafin a shiga fili. A titi, tsakanin wannan danja da waccan, ba za su taɓa kai zafin da aka yi su dominsa ba.

Kuma ka duba iskarka. Cinyewar tsakiya halin miƙaƙƙiyar hanya ne, amma iskar da ba daidai ba tana ƙara gaggauta shi. Ka bi abin da ke rubuce a jikin babur ɗin ko littafinsa, ka auna da safe kafin ka hau.

Tambaya: Honda CBR650R nake hawa. Ina son in cire 180 ta baya in sa 190 don ta fi cika ido, kuma an ce ta fi kama ƙasa. Ta gaban 120/70 zan bar ta.

Amsa: Za ta shiga, ƙanena, amma ba za ta ba ka abin da aka faɗa maka ba. Wilinka na baya inci 5.5 ne, wanda aka yi don 180. Baburan da ke zuwa da 190 daga kamfani yawanci wilinsu inci 6 ne. In ka matse ta a ƙaramin wili sai gefunanta su tsuke, bayanta ya ƙara tudu, ta bar siffar da aka zana ta da ita don ta dace da ta gabanka. Wasu kamfanoni sun yarda a ɗora wasu 190 ɗinsu a kan 5.5, sai ka duba jadawalinsu, amma yarda daban, riba daban.

Ga lissafin tsayi. Gefen 180/55 milimita 99 ne. Na 190/55 ya kai 104.5, na 190/50 kuma 95. Ta 190/55 za ta ɗaga bayan babur ɗin ta sa kansa ya ƙara saurin juyawa, ta 190/50 za ta sauke shi ta sa ya yi nauyin shiga kwana. Milimita biyar ba komai ba ne a ido, amma masu saita baburan tsere a kan irin wannan suke wuni. Sannan babur ɗinka yana da ABS, mai hana taya kullewa in an danne birki, da na'urar hana tayar baya sulɓewa, kuma dukansu da kwatanta juyawar gaba da ta baya suke aiki. Ka canza kewayen ɗaya, ka taɓa lissafinsu. Shi ya sa babura irin su Ducati Panigale da Aprilia RSV4 suke da wurin sake saita na'urar bayan an canza taya. Ka bar 180 ɗinka, ka sa kuɗin a mai kyau.

Tambaya: Ina cikin tafiya tayar baya ta yage a gefe, ba ta facuwa. Wadda aka samo mini lambarta ta yi, amma babu harafin R a jikinta. Na sa na iso gida. In ci gaba da ita?

Amsa: A'a, ka cire ta. Rashin R ɗin na nufin ba radiyal ba ce, mai saƙar giciye ce, kuma ta gabanka radiyal ce. Yadda suke lanƙwasawa da yadda suke ɗaukar zafi ba ɗaya ba ne. Radiyal a gaba da mai giciye a baya har doka ta hana a Birtaniya. Akwai baburan da kamfani ke fitarwa da akasin haka, mai giciye a gaba radiyal a baya, amma su an gina su a kan hakan ne.

Ta fitar da kai daga daji, ta gama aikinta. In za ka sayi madadinta, ka karanta lamba da harafin da ke bayan girman, misali 73W: 73 na nufin tana ɗaukar kilo 365, W kuma gudun kilomita 270 a awa. H kilomita 210 ne, V kuma 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da littafin babur ɗinka ya ce. Ka tsaya a kan mai ɗora ta har ka ga kibiyar da ke gefenta tana kallon inda wilin ke juyawa in ana tafiya gaba, sannan a yi mata balans kafin a mayar da ita.