Haɗin kayan marmarina yana tsinkewa, ga ɗaci

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce a Sakkwato. Tunda bazarar nan ta shigo maigidana ya kasa cin abinci mai nauyi da rana, shi ne nake yi masa haɗin kayan marmari. Tun da hantsi nake yanka kankana da abarba da gwanda da ayaba, in zuba madara da sukari in rufe. Amma kafin ya dawo bayan la'asar sai in tarar ya tsinke, ayabar ta yi baƙi, ga wani ɗaci-ɗaci. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ku zaman lafiya. Ɗacin nan ba daga hannunki yake ba. Ɗanyar abarba da gwanda suna da sinadarin da ke narka furotin, shi ya sa wasu ke jiƙa nama mai tauri da su. In suka daɗe cikin madara haka suke yi mata, ta guntse ta yi ɗaci. Ni ma a farkon aurena na taɓa zubar da kwano guda saboda wannan, baƙi na zaune a falo, sai da na yi ƙwalla. Tun daga ranar madara ko yogot a kofi daban nake kawowa, mai ci ya zuba da kansa.

Tsinkewar kuwa aikin sukari ne, yana jawo ruwan kankana waje. Ki daina sa shi. Yanzu lokacin mangwaro ne, ki nemi nunanne marar zare, ki yanka guda 2, zaƙinsu ya wadatar. In kina son ƙari, dabino 4 yankakku ƙanana sun fi sukari daɗi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne lokacin. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma yankakken kayan marmari bai kamata ya wuce awa 1 a waje cikin irin wannan zafi ba, balle da madara a ciki. Daga hantsi zuwa la'asar ai kiran ciwon ciki ne. Don Allah ki bari sai saura rabin awa ya dawo sannan ki ɗauki wuƙa. Ki wanke bayan kankanar da ruwa mai tsabta kafin ki tsaga ta, domin wuƙar ce ke kwaso dattin ɓawo ta kai shi ciki. Wadda mai baro ya riga ya yanka ya ɗaure a leda kuwa, ba na sa ta a haɗi.

In babu wuta, kada ki jefa ƙanƙara cikin haɗin. Ki farfasa ta a babbar roba, ki ɗora kwanon silba a kai ki rufe. Ko kuma tun da safe ki sa kankanar da mangwaron, ba a yanka ba, cikin bokitin ruwan randa.

Abarba da mangwaro su fara shiga kwano, gwanda ta biyo, kankana a sama, yanka manya-manya kamar kan babban yatsa. Ayaba ita ce ta ƙarshe, kina yankawa ki matse mata rabin lemun tsami, ba za ta yi saurin baƙi ba. Ki juya sau ɗaya kawai, a hankali, ki tsinka ganyen na'a-na'a a kai ki miƙa masa.