Taurarin jikin firji da ƙwan "50 watt" na bogi: amsoshin wannan makon

*Malam, takardar nan mai taurari da ake mannawa jikin firji da AC, ado ce ko tana da amfani? Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki, kuɗin ba yawa, tsoro nake kar a cuce ni. Wata uwa daga Zariya.*

Hajiya, Allah ya sanya alheri, kwantar da hankalinki. Ba ado ba ce. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ce ta fito da ita tun 2017 don firji da AC, tauraro ɗaya zuwa biyar, yawan taurari ƙarancin shan wuta. Amma kar taurarin su ɗauke miki hankali, ki nemi lambar da aka rubuta kWh kusa da ita, wannan shi ne yunit ɗin da zai ci a shekara. Ƙaton firji mai tauraro huɗu sai ya fi ƙarami mai uku cin wuta, kuma amarya da ango su biyu rak me za su yi da ƙato? Mai ƙofa ɗaya ya ishe su.

*Na sayi ƙwan LED an rubuta 50W a kwali, arha sosai, amma haskensa bai kai na maƙwabcina mai 12W ba, sati uku ya fara kiftawa. Wani daga Kano.*

To ai kai ka ba da amsar da kanka da ka ce "arha sosai". Wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, mutum zai tsaya cinikin atamfa na rabin awa yana murza ta yana ɗagawa a rana, amma ƙwan da zai kwana a kunne a gidansa sai ya ce wa yaron shago "ba ni mai babban lamba" shi ke nan. Watt ba haske ba ne, wutar da ƙwan ke sha ce. Hasken kuwa lumen ne, za ka ga an rubuta lm. Tsohon ƙwan nan mai zafi na 60W lumen wajen 800 yake bayarwa, LED na kirki mai 9W ya isa ya ba ka hakan. Masu buga kwalin bogi sun san mutanenmu watt suke dubawa, sai su zabga 50W ko 80W, lumen kuwa ko babu shi sam ko an rubuta abin da hankali ba zai ɗauka ba. Ɗauki ƙwan a hannu ka ji, na bogi sakayau yake, roba ce zalla ba ƙarfen da zai janye zafi, shi ya sa da ya ɗumama sai kiftawa, sai mutuwa. Duba kwalin, babu sunan kamfani, babu adireshi, wani ma Turancin a karkace. Doka ta ce irin wannan kaya sai da shaidar SONCAP, wato shaidar inganci ta hukumar SON, zai shigo ƙasar, amma ni da kai mun san abin da ke jibge a kasuwa, kuma wanda ya iya buga 50W na ƙarya, zana taurari biyar ba zai gagare shi ba. Don haka takarda kaɗai ba ta isa ba, sayi a shagon da za ka iya komawa gobe, a kunna maka a gabanka, a rubuta rasit.

Masu cewa gara tsohon ƙwan tunda ya fi arha, ku yi lissafi. 60W awa goma kullum, yunit 18 ne a wata. LED mai 9W bai kai yunit 3 ba. Tun da aka kai 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kan yunit a Afrilun 2024 ai maganar ta wuce wasa, ko a naira 200 ka lissafa, naira 3,600 ne a wata ga tsohon da 540 ga LED, ƙwai guda fa. Mai sola da batir ma bai tsira ba, ƙarfe biyun dare zai ji inbata tana kuka.

*Na ga firji ɗan Beljiyam da A+++ a jiki, mai shagon ya ce babu kamarsa. In saya?*

A yi hattara. Wannan takardar Turai ce, kuma tsohuwa, tun Maris 2021 suka soke su A+++ suka koma A zuwa G. Gwajin da aka yi masa yana sabo ne, yanzu robar ƙofa ta saki, wataƙila ma an canja kwamfuresa. Ba a banza Ghana ta hana shigo da tsofaffin firji ba. In ka nace, leƙa ɗan allon bayanai da ke baya ko cikinsa ka nemi harafin yanayi: T na jure zafi har digiri 43, ST 38, N kuwa 32 kacal. Ka tuna yadda Afrilu take a Sakkwato ko Maiduguri kafin ka miƙa kuɗi.

*Firji mai tauraro biyar zai riƙa sanyi ko NEPA sun ɗauke?*

Haba ɗan'uwa. Tauraro ne, ba janareto ba. Rage buɗe ƙofar, ka jera robobin ruwa su daskare a ciki.