Kwamfuta ta ce sensa, kai me ka gwada?

Ɗazu ina ƙarƙashin mota ka tambaye ni, ban samu na amsa maka ba: tunda kwamfutar gwaji ta nuna lambar matsala P0544 a Passat ɗin nan mai shan gas, me ya hana a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo sensa, a ɗaura, mai mota ya kama gabansa? Jawo benci ka zauna, ɗana.

Lambar nan ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi akwai matsala a layin sensar zafin hayaƙi ta farko, wadda ke gaban tobo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji. Layin kuwa ya haɗa da ita sensar, da wayarta, da soket, har zuwa ƙwaƙwalwar mota. Kowanne ya lalace a cikinsu, lambar da za ka gani ke nan.

Ka fara sanin aikinta tukuna. Motocin gas na Turai da ake shigowa da su ta Kwatano, da yawansu akwai wata tukunya a salansa mai tare kunkunniyar hayaƙi, ita ake kira DPF. In ta cika, ƙwaƙwalwa takan ƙara fesa mai har zafin hayaƙi ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Sensocin nan da ke jere a jikin salansa, uku ko huɗu, su ke gaya mata inda zafi ya kai. Ɗaya ta yi mata ƙarya, sai ta fasa ƙonawa, tukunya ta toshe, ka taka totur mota ta ƙi tashi.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko sisi, haƙuri kawai yake so. A bar mota ta kwana. Da safe ka murɗa makulli, kada ka tayar da inji, ka buɗe inda kwamfuta ke nuna zafin kowace sensa. Ƙarfen da ya kwana a waje zafinsa ɗaya da na gari, don haka duk su nuna kusan abu guda, ko sanyin hunturu ake yi ko zafin bazara. Wadda ta ware ita kaɗai tana nuna ɗaruruwa, ko ta faɗi ƙasa da sifiri nesa, ita za ka bi.

Ko ka gano ta, ba sifana za ka fara ɗauka ba. Zare soket ka duba ko bakinsa ya yi tsatsa ko ya narke. Sa mita a kan sensar: irin ta wannan motar, in tana da sanyi, kaɗan take haura om 200 (om shi ne awon yadda abu ke tare wuta), kuma tana hawa in ta ji zafi. Akwai wasu motocin da tasu sauka take yi, shi ya sa ba a ɗaukar lissafin wata mota a yanke wa wata hukunci. Sannan ka gwada ɓangaren mota, makulli a kunne, ka ga ko wutar bolt 5 tana isowa. Daga nan ka bi wayar da yatsunka taƙi-taƙi, kana lanƙwasa ta, idonka a kan mita. An taɓa kawo mini mota an canja mata sensa har sau biyu a wani gareji, ashe waya ce ta goge a jikin ƙarfen kare zafi. Kuɗin bawan Allah sun tafi a banza, kuma sunan makanikai duka aka ɓata. Abin yana ci mini rai har yau.

In ta tabbata sensar ce, a sayo da lambar da ke jikinta, domin ta gaban tobo da ta bayan tukunya sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Wajen cirewa, goron yakan kama da tsatsa. Fesa masa mai, ka ba shi lokaci, ka sa sifana mai tsaga wadda waya ke wucewa, ka riƙa kai gaba kana dawowa a hankali. Ka yi gaggawa ka cinye tiredi, aikin rabin awa ya koma sauke salansa. Sabuwar kuwa da hannu ake fara ɗaura ta, a ƙarasa da sifana mai awo, wajen Nm 45 na ƙarfin ɗauri a irin wannan motar, kuma soket shi ne na ƙarshe don kada waya ta murɗe.

Wanda ya ce maka a sa resista, ɗan abin nan mai tare wuta, a madadin sensa a yaudari ƙwaƙwalwa, ka ce ba a gidanmu ba. Wannan sensar ce ke hana zafi cinye tobo.

Bayan an goge lambar, za mu hau titin Zariya mu yi tafiya mai tsawo ba tsayawa, kana riƙe da kwamfuta kana kallon zafin yana hawa yana sauka. Mu dawo ka zaro sandar baƙin mai, in ya haura alama to gas ya gangara ciki, sai an juye.

Ungo makullin. Gobe bayan asuba ka riga kowa zuwa, kada ka bari wani ya tayar da ita, ka rubuta mini abin da kowace sensa ta nuna kafin in iso.