Kun Tambaya, Mun Amsa: Zaman Kifayen Siklid Masu Faɗa a Tanki Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi mai cin lita 100, tsawonsa santimita 80. Na zuba ƙananan kifi shida: oska biyu, auratus biyu, da yalo lab biyu. Mai shagon ya ce duk siklid ne, za su zauna lafiya. Da farko lafiya lau, amma yanzu auratus ɗaya ya kashe ɗan'uwansa, sauran kuma sun koma bayan filta, wato na'urar tace ruwa, sun laɓe, ko abinci ba sa fitowa ci. Me zan yi? *Mai karatu daga Kano*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiyar mai shago, duk siklid ne, amma dangin siklid yana da faɗi ƙwarai, har karfasar da muke soyawa a ciki take. Zama dangi ɗaya bai sa ruwansu, abincinsu ko halinsu ya zo ɗaya ba.

Oska daga kogunan Kudancin Amurka yake, yankin Amazon. Yana kai santimita 30 ko fiye, yana son ruwa mai pH (ma'aunin tsamin ruwa) tsakanin 6 da 7.5, kuma mai cin nama ne. Guda ɗaya tak yana bukatar kusan lita 300. Auratus da yalo lab kuwa daga Tafkin Malawi suke, cikin rukunin da ake kira mbuna, masu zama a tsakanin duwatsu. Ruwansu mai ma'adinai ne sosai, pH 7.8 zuwa 8.6, kuma girmansu bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba. Yau auratus ne ke korar oska saboda ya fi shi sauri da zafin kai. Nan da shekara guda oska zai yi girman da zai iya haɗiye yalo lab, don duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne a wurinsa.

Lafiyar da ka gani da farko ta ƙuruciya ce. Siklid ba ya nuna ainihin halinsa sai ya balaga. Namijin auratus idan ya kai wannan mataki launinsa yana juyawa daga rawaya zuwa baƙi-baƙi, ya kama wuri ya ce nasa ne, kuma a tanki mai santimita 80 wurin nan shi ne tankin gaba ɗaya. Wanda aka kora ba shi da inda zai gudu ya ɓace wa mai korarsa, sai a yi ta binsa har ya gaji ya mutu. Zakaru biyu ne aka rufe a akurki ɗaya.

Ka fitar da auratus ɗin yau, ko a roba mai tsabta da famfon iska ne, kafin ka mayar wa mai shago ko ka ba wanda ke da babban tanki. Oska biyun ma su tafi, tankinka ba zai riƙe su ba. Wanda fiffikensa ya yage ka ware shi cikin ruwa mai tsabta, ka zuba gishiri zalla giram 1 zuwa 2 a kowace lita, kana canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu. Idan cizon bai kai tsoka ba fiffiken yana tofowa cikin 'yan makonni. Lita 100 za ta iya ɗaukar yalo lab biyar ko shida, namiji ɗaya kawai a cikinsu, kuma ko su ɗin za su fi sakewa a tanki mai tsawon mita ɗaya.

Tambaya: Ina so in haɗa tankin kifayen Malawi zalla, masu launi iri-iri. Na ji an ce a cika tankin da kifi da yawa don faɗa ya ragu. Wannan ba zalunci ba ne? *Wata mai karatu daga Kaduna*

Amsa: Hajiya, shawarar tana da tushe, amma ga mbuna kaɗai, kuma da sharuɗɗanta. Idan kifi uku ne a tanki, fushin babban yana sauka a kan ɗaya. Idan goma sha biyar ne, ya bi wannan sai wancan ya gifta, hankalinsa ya rabu, babu wanda ke shan dukan shi kaɗai. Kada a gwada wannan da oska ko sauran manyan siklid na Amurka, don su cunkoso ƙara musu faɗa yake.

Ki duba tsawon tanki kafin ki duba yawan litarsa, domin ƙasa suke rabawa, ba zurfi ba. Mafi ƙaranci santimita 120, kusan lita 200 zuwa 250. A cikinsa ki zaɓi nau'i uku, kowanne namiji ɗaya da mata huɗu. Dalilin yawan matan shi ne namiji ba ya gajiya da neman barbara, mace ɗaya kuwa ba za ta jure ba, musamman da yake tana riƙe ƙwai a bakinta kusan mako uku ba ta cin abinci sosai.

Wajen zaɓe, ki raba launi da zane. Namijin mbuna ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi. Nau'i biyu masu shuɗi da ratsin baƙi a tsaye za su yi ta faɗa, kuma suna iya barbarar juna su haifi gauraye marasa asali. Yalo lab mai rawaya, da acei mai shuɗi da jela rawaya wanda ya fi son saman ruwa, da wanda ake kira rusti mai launin tsatsa, haɗi ne da ke zaunawa lafiya a mafi yawan lokaci. Auratus da kenyi ki bar su sai kin ƙware, kuma sai da tanki mafi girma. Demasoni kyakkyawa ne amma ba a ajiye shi biyu ko uku, sai goma sha biyu zuwa sama, in ba haka ba su ƙarar da juna.

Duwatsu ki jera su da yawa, tsibi biyu ko uku da fili a tsakani, su kai rabin tsayin ruwan ko fiye, yadda kifin da ke wannan gefe ba zai hango na wancan ba. Ki fara aza duwatsun a kan gilashin ƙasa sannan ki zuba yashi, saboda mbuna masu tono ne, idan dutse a kan yashi yake za su tone ƙarƙashinsa ya rufto ya fasa tankin.

Kifi da yawa kashi da yawa ne, nan ne mutane ke faɗuwa. Filta ta riƙa juya ruwan tankin sau 8 zuwa 10 a awa ɗaya, kuma duk mako ki canza kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan. In na famfo ne ki sa maganin kashe kulorin. In gwaji ya nuna pH ɗinki ƙasa da 7.5, dakakken ɓawon katantanwa a cikin filta yana ɗaga shi a hankali. Abinci kuma mai ganye, irin mai spirulina, wani nau'in gansakuka, kaɗan sau biyu a rana. Yawancin mbuna gansakuka suke kankara daga jikin dutse, hanjinsu dogo ne, yawan ba su tsutsa ko nama yana jawo kumburin ciki da ke kashe su cikin kwanaki.

Tambaya: Jajayen kifina biyu masu ɗigo-ɗigon shuɗi sun yi ƙwai a kan dutse, tun ranar babu wanda ya huta a tankin. *Mai karatu daga Maraɗi*

Amsa: Wannan Hemichromis ne, wanda 'yan kasuwa ke kira juwel, kuma ɗan gida ne, danginsa na rayuwa a kogunan Afirka ta Yamma. Shi ba a baki yake renon ƙwai ba, uwa da uba ne ke gadin ƙwan da 'ya'yan tare, kuma duk kifin da ya matso abokin gaba ne. Ka sa shamaki na raga ko gilashin roba mai huji ya raba tankin biyu, ko ka kwashe sauran kifayen. Ka sani kuma ba sau ɗaya za su yi ba, da 'ya'yan sun tasa za su sake. Ma'aurata irin waɗannan tankinsu daban ya fi, lita 120 ta wadatar. Haka lamarin konvik, wani siklid na Amurka ta Tsakiya, yake.

Tambaya: Duk sabon kifin da na ƙara sai an kashe shi kafin kwana biyu, faɗan kuma ya fi tsanani da bazara. *Mai karatu daga Sakkwato*

Amsa: Kada ka ƙara kifi ɗaya shi kaɗai, Malam. Ka kawo uku ko huɗu lokaci guda, masu girma kusa da na tsofaffin, bayan sun yi mako biyu zuwa huɗu a wani tanki daban don ka tabbatar ba su da cuta. Ranar zubawa ka ciyar da tsofaffin, ka rushe tsarin duwatsun ka sake jerawa yadda kowa zai rasa tsohon wurinsa, ka saki baƙin, sannan ka kashe fitila har washegari. Ɗan guntun bututun roba da aka rataye kusa da saman ruwa yana ba wanda aka kora mafaka.

Zafi kuwa yana da hannu. Siklid na Malawi sun fi jin daɗi a digiri 24 zuwa 27. Idan ruwa ya haura 30 jininsu yana ƙara motsi, iskar da ke narke a ruwan kuma ta ragu. Ka janye tankin daga taga, ka buɗe murfin ka rufa raga don kada su yi tsalle, ka saita fanka tana kaɗa saman ruwan. Ka tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta, domin tanki mai cunkoso ba ya jure awanni babu iska a watan Afrilu.

Tambaya: Wane kifi zan haɗa da fulawahon ɗina mai ƙululu a goshi? *Mai karatu daga Jos*

Amsa: Babu. Fulawahon gauraye ne da masu kiwo a kudu maso gabashin Asiya suka samar daga siklid na Amurka ta Tsakiya, ya gaji faɗansu duka, kuma yana kai santimita 30. Ka bar shi shi kaɗai a lita 300 da filta mai ƙarfi, hita kuma, wato na'urar ɗumama ruwa, ka sa mata kariya, don yana iya buga ta ya fasa.